Inda Bashir Yake Zuwa Ranar Alhamis

Ranar da Juwairiyya ta fara ganin Bashir, zaune yake a kan benci a shagon ɗinkin Anti Ƙauna da ke Wunti, ya ɗora rigar 'yan makaranta a cinya, yana fama da allura da maɓalli. Ƙato guda mai faffaɗan hannu, amma zare ya ƙi shiga masa allura, har gumi yake yi.

Ita ɗinkinta ta zo karɓa. Ba ta san cewa ranar Asabar bayan la'asar Anti Ƙauna takan tsayar da kekunan ɗinki ba. Sai ta tarar da shago cike da samari da 'yan mata, kowa da abin da yake taɓawa, wannan yana farke ɗinki, waccan tana naɗe zare. Wata yarinya ta gama magana ke nan tana share ido, kuma babu wanda ya zura mata ido.

"Shigo, 'yar Ƙofar Wambai," in ji Anti Ƙauna. "An gama rigarki. Amma in ba sauri kike ba, zauna ki ceci wannan bawan Allah, tun ɗazu yake kokawa da maɓalli ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Bashir ya ɗago yana sosa ƙeya.

"Ni keken ɗinki nake gyarawa," ya ce. "Ba wanda ya ce mini sai na iya ɗinkin."

Juwairiyya ta karɓi allurar, kafin ya ƙifta ido ta zura zaren ta miƙa masa. Ya dubi allura, ya dube ta, ya ce, "Allah ya ba ki Aljanna." Ta dai danne dariyarta, amma ba ta tashi daga bencin ba.

A ranar ta gane abin da ake yi a wurin. Anti Ƙauna, mutuniyar Bogoro da ba ta girme su da wani abin kirki ba, ta lura cewa yaran shagonta ba sa faɗin damuwarsu idan an zaunar da su ana kallon su. Amma idan hannu yana aiki, sai baki ya buɗe da kansa. Shi ya sa ta ware yammacin Asabar, duk wanda abu ya cunkushe wa a zuciya ya zo a ba shi tsumma da allura. Musulmi da Kirista, ɗalibai da 'yan kasuwa, kowa zuwa yake.

"Dokarmu ba ta da yawa," in ji Anti Ƙauna. "Abin da aka faɗa a nan, a nan yake kwana. Ba a ce wa mai magana ka yi haƙuri sai ya gama. In kuma abu ya fi ƙarfinmu, likita muke kai mutum, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, ɗayanmu yana raka shi."

Maganar haƙurin nan ce ta dawo da Juwairiyya Asabar ta gaba. Tun da Ummansu ta rasu bara, haƙuri kawai ake ba ta. Da ta buɗe baki za ta ambaci Umma, sai a ce ki yi haƙuri, sai ta haɗiye sauran. Ta haɗiye har abinci ya daina yi mata daɗi.

Ba ta yi magana a zuwan farko ba, ba ta yi a na biyu ba. Wata Asabar dai, tana farke wuyan wata riga, sai ta ji bakinta yana ba da labarin yadda Umma take soya masar shinkafa da safe, tana waƙa ƙasa-ƙasa, tana korar su daga bakin tanda da ludayi. Ta yi kuka har ta gaji. Bashir yana gefe da maɓallinsa, bai ɗago ba. Da ta gama ne ya tura mata ledar ruwa da yatsa.

Da ta isa gida ta tarar da saƙo a wayarta.

"Assalamu alaikum. Bashir ne, mai maɓalli. Anti ta ce ke kika yarda a ba ni lambar. Ina so ki sani na ji duk abin da kika faɗa, kuma ban ji tausayinki ba, girmanki na gani. Ki ci abinci don Allah."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta rubuta:

"Wa alaikas salam, Malam Maɓalli. Na ci. Kai kuma ka je ka koyi zura zare, abin kunya ne."

Daga nan fa zance ya ɗauko. Wanda ya ce soyayya sai da surutu, bai ga waɗannan biyun ba. Bashir ba gwanin daɗin baki ba ne, amma ya iya sauraro, kuma Juwairiyya ta gano cewa ba abin da ya kai wannan daɗi. Yana kiran ta Sanyina, ita kuma ta ƙi sauya masa suna daga Malam Maɓalli.

Da abu ya yi nisa ya nemi izini wurin mahaifinta, wanda suke kira Abba, ɗan kasuwa mai shagon shadda a kasuwar Muda Lawal. Aka ba shi damar zuwa hira a zauren gidansu a Ƙofar Wambai. Yawanci idan ya zo, yayanta Ɗanlarai yakan tarar a dakalin ƙofar gida, ya dawo daga shagon Abba yana zaune shiru. Su gaisa, Bashir ya ɗan zauna da shi kafin a yi masa iso.

"Kana son Yayana da yawa," ta ce masa wata rana. "Har ka fi daɗewa a wurinsa."

"Kishi kike yi, Sanyina?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ai Yaya namijin duniya ne. Ka san ko a ranar rasuwar Umma ban ga hawayensa ba? Kowa yana yabon dauriyarsa. Ya daina kallon ƙwallo, ya daina yawo, daga shago sai gida."

Bashir ya ce, "Hmm," ya sauya zance. Ita kuma ba ta kawo komai a ranta ba.

Magabatan Bashir suka zo gaisuwa, Abba ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba. Kawunnai suka shiga unguwar su Bashir, suka tambayi liman, suka tambayi maƙwabta da abokan sana'a. Ko'ina alheri aka faɗa. Har an fara maganar sa rana, sai ga Gwaggo Fatu.

Gwaggo Fatu ƙanwar Abba ce, kuma ta daɗe tana yi wa ɗanta kwaɗayin Juwairiyya, duk da shi ɗan nata ko a jikinsa. Ta shigo gidan wata Alhamis da rana, mayafi a hannu, tana haki.

"Yaya, wane irin bincike kuka yi? Na je babban asibiti awon hawan jini, wa zan gani a bencin sashen masu taɓin hankali? Surukin naka! Zaune, da kati a hannu, yana jiran layi. Na ce ko idona ne, na koma wannan makon takanas, wallahi yana nan a wurin."

Juwairiyya tana tsakar gida tana jin su, sai da tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

Abba mutum ne mai adalci, ba ya yanke hukunci da jin gefe ɗaya. Ya aika aka kira Bashir, suka zauna a zaure, Juwairiyya ta laɓe a bayan ƙyaure.

"An ce ana ganin ka a asibiti, a wancan sashen. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Abba."

"Lafiyarka ƙalau?"

"Lafiyata lau. Wani nake rakawa."

"To madalla. Wane ne? Faɗa mini, in tabbatar, magana ta wuce."

Bashir ya sunkuyar da kai. "Abba, ka gafarce ni. Amana ce. Sai in shi mai abin ya yarda."

"Ni ma za ka ɓoye wa? Ni da zan ba ka 'ya?"

"Ko mahaifina ne ya tambaya, amsar ke nan."

Abba ya ce, "An gan ka kai kaɗai, da kati a hannunka, ba a ga kowa tare da kai ba. Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ba zan ɗaura wa marainiya aure a kan abin da ban gane kansa ba. Ka dakata da zuwa gidan nan har sai ka shirya faɗa mini gaskiya."

Juwairiyya ta san dokar shagon Anti Ƙauna sarai, da bakinta ta sha faɗa wa sababbin zuwa. Amma doka tana da daɗin faɗa ne idan ba aurenka ta taɓa ba. Ta shige ɗaki ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Na san rakiya kake yi, ban taɓa shakka ba. Amma suna ɗaya kawai Abba yake nema. Abba ba mai yawo da zance ba ne. Ka faɗa masa a asirce, shi ke nan."

Amsa ta zo.

"Sanyina, ranar da kika yi maganar Umma, da wani ya nemi in faɗa masa a asirce, me za ki so in yi? Wallahi ina son ki fiye da yadda bakina ya iya faɗa. Amma in na sayar da wannan bawan Allah don in same ki, ba mijin da kika sani za ki aura ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta rubuta:

"To ka auri amanar."

Ta kashe wayar ta tura ta ƙarƙashin filo.

Kwanaki suka shuɗe babu kira babu saƙo daga gare ta. Shi kam kowace safiya sai ya aiko da layi ɗaya: "Ki ci abinci don Allah." Takan karanta ta yi tsaki, sannan ta tashi ta ci. Gwaggo Fatu kuwa ta mayar da gidan wurin zuwanta, yau ta kawo tsaraba ta ce daga ɗanta, gobe ta zo da labarin irin filin da ya saya.

Ranar Asabar Juwairiyya ta je Wunti da wuri, kafin kowa ya zo, ta tsare Anti Ƙauna.

"Anti, kin san wanda yake rakawa?"

"Ban sani ba. Ba ɗan zamanmu na Asabar ba ne, ya dai ce mini akwai wani."

"To ki sa shi ya faɗa mana! Aurena zai lalace saboda mutumin da ban ma sani ba."

Anti Ƙauna ta ajiye almakashi. "Ƙanwata, in ya faɗa, wa zai sake buɗe baki a kan bencin nan? Ina jin zafin da kike ji, Allah ya sani. Zo ki zauna ki faɗa mini duka, ba zan ce ki yi haƙuri ba."

Ta zauna ta zazzage, ta zagi Bashir, ta yabe shi, ta sake zagin sa. Da za ta tafi Anti ta cusa mata buhun rigunan makaranta da ledar maɓallai, ta ce ta rage zaman banza a gida.

Washegari da hantsi Abba ya tafi ɗaurin aure, gidan ya yi tsit. Juwairiyya ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Umma tana ɗinka maɓallai. Ɗanlarai ya fito daga ɗakinsa, ya wuce, ya dawo, ya tsaya a kanta. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa, kuma sai a lokacin ta lura.

Ba tare da tunanin komai ba, don sabo kawai, ta miƙa masa riga da allura. "Zauna ka taya ni, Yaya."

Ya zauna. Ya daɗe yana juya maɓalli a hannu. Ita idonta yana kan ɗinkinta.

"Juwai," ya ce, "ranar da Umma ta faɗi, ta kira ni."

Allurarta ta tsaya, amma ba ta ɗago ba.

"Ina gidan kallon ƙwallo. Na ga kiranta, na ce bari a tashi wasa in kira ta. Ta sake kira, na sa wayar a aljihu. Da na iso gida an riga an tafi da ita asibiti a keke-napep." Ya ajiye maɓallin. "Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ko wayar wani ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Kuna ta cewa na yi dauriya, ni kuwa akwai lokacin da na ji zaman duniyar ma ya ishe ni."

Kalmar ta zo mata har bakin leɓe. Ka yi haƙuri, Yaya. Ta cije leɓen ta haɗiye ta, hawaye yana ɗiga a kan rigar mutane.

"Bashir ne ya gane. A dakalin nan. Bai tambaye ni komai ba, zama kawai yake yi kusa da ni, har ranar da na faɗa masa. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai likita. Na ce ko kashe ni za a yi ba zan zauna a bencin nan mutanen Bauchi su gan ni ba. Sai ya ce shi zai zauna. Duk Alhamis yakan yi sammako ya karɓi katina ya kama mini layi, ni ina can bayan masallacin asibiti. In an kusa kira na ya yi mini filashin, in shiga ta ƙofar baya." Ya goge fuska da hannun riga. "Da Abba ya kore shi na ce zan faɗa. Ya ce kar in faɗa don shi, in bari sai ranar da na shirya don kaina. Ko Alhamis ɗin da ta wuce sai da ya je ya zauna."

Sai da ta tabbata ya gama, sannan ta ajiye allura ta kama hannunsa.

"Yaya, likita ya ce mana jijiyar kanta ce ta fashe, ko a bakin asibiti take ba abin da za a iya. Ba kai ba ne." Ta fashe da kuka. "Ni ce kullum a Wunti ina sauraron 'ya'yan mutane, ga ka a gida ɗaya ban gan ka ba. Ka yafe mini."

"Ai ɓoyewa nake yi," ya ce. "Kuma na ji sauƙi sosai yanzu. Ina shan magani, ina barci."

Da Abba ya dawo bayan azahar, Ɗanlarai ya same shi a ɗaki, Juwairiyya tana biye da shi. Ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga kiran Umma har zuwa bencin asibiti. Abba ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Me ya hana ka faɗa mini, ɗana?"

"Abba, na ji abin da aka ce a kan Bashir don an gan shi a bencin kawai. Ni kuwa katin nawa ne." Ya ɗago ido. "Wata rana ni ma za a zo bincike a kaina. In an ce ana ganin Ɗanlarai a wancan sashen, me za ka so uban yarinyar ya yi?"

Abba ya matso kusa. Ya jawo kan ɗansa ya ɗora a kafaɗarsa, kamar yadda yake yi masa yana ƙarami. Suka daɗe a haka, babu wanda ya ba wani haƙuri.

Ta fita tsakar gida ta kunna waya.

"Malam Maɓalli, Yaya ya faɗa mana da bakinsa. Ban san da wane ido zan dube ka ba. Na ce ka auri amanar, ashe amanar tamu ce."

Ba a jima ba amsa ta shigo.

"Alhamdu lillahi. Yaya jikin nasa? Kar ku dame shi da tambayoyi yau. Ke kuma da idon nan naki za ki dube ni, Sanyina, shi na yi kewa. Kin ci abinci?"

Ta yi dariya da hawaye a fuska.

Ranar Alhamis da sassafe Bashir ya biyo ta Ƙofar Wambai a kan babur, don Abba ya aika masa ya zo. Juwairiyya tana leƙe ta zaure. Abba ya fito cikin farar shadda da hula, Ɗanlarai yana bayansa.

Bashir ya sauka ya durƙusa. Abba ya ɗago shi da hannunsa.

"Ba ni katin."

Bashir ya zaro shi daga aljihu ya miƙa.

"Daga yau ni zan zauna a bencin," in ji Abba. "Kuma tare za mu zauna, ni da shi, duk mai kallo ya kalla. Kai kuma je ka gaya wa magabatanka su zo mu sa rana. Na tsare ka da tambaya, kai kuwa ɗana kake riƙe mini. Ka yafe ni."

"Abba, ba ka yi mini komai ba," in ji Bashir.

An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah, a ƙofar gidan Abba. Aka yi masa da miyar taushe har maƙwabta suka ƙoshi. Gwaggo Fatu ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, amma da ta ji labarin ɗan yayanta sai jikinta ya yi sanyi, ita ce ma ta tsaya a kan tanda. 'Yan zaman Asabar suka zo gaba ɗayansu da anko ɗin da Anti Ƙauna ta ɗinka, Ɗanlarai kuma shi ne a gaba wajen rabon goro, yana dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Da yamma, kafin a kai amarya, Abba ya sa aka kira su biyun. Juwairiyya ta saci kallon angonta ta ƙasan mayafi, sai ta ga maɓallin wuyan kaftaninsa a karkace, zare ya yi cunkus a bayansa.

"Wa ya ɗinka maka wannan?" ta raɗa masa.

"Ni da kaina. Har zaren ni na zura."

"Kar ka sake ka cire shi," ta ce.

Abba ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Bashir, yadda ka rufa wa ɗana asiri, Allah ya rufa maka naka duniya da lahira. Juwairiyya, ga mijinki nan, ki riƙe shi. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, da tana nan da ta yi farin ciki."

Aka shafa. Amin ɗin Ɗanlarai ta fi ta kowa ƙarfi.